Daren da Filadelfiya ta hau falwaya

Ina New York, na gama aikin da ya kai ni, saura kwana tara in koma Kano, sai ɗan yayata ya kira ni daga Filadelfiya. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, ka zo a kan gaɓa. Eagles sun kai wasan ƙarshe."

Na ce masa wane wasan ƙarshe kuma, ba bara Kwaddebuwa ta gama da mu a Abijan ba? Ya yi ta dariya har da tari. Ashe ba Super Eagles yake nufi ba. Wata ƙungiya ce ta garinsu mai buga ƙwallon Amurka, ita ma mikiya ce tambarinta, ita ma kore take sawa, kuma ranar Lahadi 9 ga Fabrairun 2025 za ta kara da Chiefs ta birnin Kansas a wasan da suke kira Super Bowl. Ni dai na amsa zan je ne don in ga jaririyarsa da aka haifa ban taɓa ɗauka ba. Wasan da ake rungumar ƙwallo a hammata ana gudu kamar an sato kaza, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga tashar Penn, cikin kamar awa ɗaya da rabi muka sauka a tashar titi na 30. Tun daga bakin matakala na ga garin ba ya cikin hayyacinsa. Mai shara kore, mai sayar da kofi kore, wata tsohuwa a keken guragu ta naɗa mayafi kore, har karen da wani ya jawo an ɗinka masa riga da lamba a baya. Na tambayi wani ma'aikaci hanyar fita, ya nuna mini, maimakon ya ce sai an jima sai ya ce "Go Birds." Na tsaya ina kallonsa. Daga baya ɗana ya fassara mini: wai "tsuntsaye, ku ci gaba," kuma a makon nan ita ce sannu, ita ce na gode, ita ce a sauka lafiya. Ya ce ko a jana'iza ka faɗe ta ba wanda zai harare ka. Na ɗauka zolaya ce.

Gidansu yana yammacin birnin, a jerin gidajen jan bulo da suka jingina da juna, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci. Unguwar ba ta yi mini baƙunta sosai ba. Musulmi suna da yawa a Filadelfiya, musamman cikin baƙaƙen fata 'yan ƙasa, za ka ga mai gemu da wando iya ƙwauri ya ɗora rigar Eagles a kan jallabiya. A wani shagon halal aka saya mini abincin da garin ke taƙama da shi, doguwar burodi da aka cusa wa yankakken naman sa da albasa da narkakken cuku. Ya yi daɗi, amma da an barbaɗa masa yajin tsire da ya san ya yi.

Ba a Filadelfiya za a buga wasan ba, can New Orleans ne, tafiyar fiye da kilomita 1,500. Tikitin shiga kuwa dubban daloli ne. Don haka mafi yawan masu son ƙungiyar a falo suka kalla, ko a mashaya. Mu a gidan maƙwabcin ɗana aka taru, wani dattijo baƙar fata mai shekara saba'in da 'yan kai, tsohon direban bas. Ya ji ɗana yana ce mini Kawu, sai ya ɗauka sunana ke nan, shi ma ya riƙa kirana Kawu, ga shi ya girme ni da fiye da shekara goma sha biyar. Ban gyara masa ba.

Muka yi magariba a gida muka shiga. Mutum kusan ashirin a falon da bai fi na goma ba, ga tire-tire na fukafukin kaza, ga yara a ƙasa. Kafin a take wasa, wajen shida da rabi, ɗana ya ja ni gefe ya yi mini karatun gaggawa. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. Masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi goma, in sun yi a sake ba su huɗu, in sun kasa su miƙa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki shida, in an buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin ƙarafa maki uku ne. Minti sittin ne a agogo, amma sai an ci fiye da awa uku, saboda kowane ɗan motsi sai an tsaya an yi shawara, a tsakani kuma a cika ka da talla. A wannan dare, tallar daƙiƙa talatin ta kai wajen dala miliyan 8. Na lissafa da naira na bari.

Abin da ɗana bai koya mini ba, dattijon ne ya koya mini, shi ma ba da niyya ba. Yana zaune a kujerarsa riƙe da wata tsohuwar hula da korenta ya koɗe ya koma kalar ganyen kuka. Bai sa ta a ka ba, a gwiwa ya ɗora ta. Ta mahaifinsa ce. Ya ce ranar 26 ga Disamba 1960 uban ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi filin Franklin, nan kusa da su, suka ga Eagles ta doke Green Bay 17 da 13 ta ɗauki kambun ƙasa. Kocin da suka kayar ranar, Vince Lombardi, shi ne yau sunansa ke jikin kofin da ake rububi. Daga ranar sai aka shiga fari. Sun kai wasan ƙarshe a 1981 aka kore su, sun kai a 2005 aka kore su da maki uku. Sai a Fabrairun 2018, bayan shekara 57, suka doke New England 41 da 33, kuma da ɗan benci, Nick Foles, a matsayin mai jefa ƙwallo. Uban bai ga wannan ba, ƙasa ta riga ta rufe masa ido.

"Shekara biyu da suka wuce kuma," ya ce, ya nuna talabijin da haɓa, "waɗannan jajayen."

A 2023 Eagles na gaba 24 da 14 a hutun rabin lokaci, Chiefs ta farfaɗo, saura ƙasa da minti biyu alƙali ya kama wani ɗan bayan Eagles da laifin riƙe riga, aka tashi 38 da 35. Shi ɗan wasan ya amsa da bakinsa cewa ya riƙe. A falon nan ba wanda ya yarda da shi. Ga shi Chiefs ta sake ɗauka a 2024, yanzu tana neman uku a jere, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka fara Super Bowl. Wani ƙarin gishirin, kocinsu Andy Reid shekara goma sha huɗu ya yi yana horar da Eagles bai kawo musu kofi ba, bayan ya koma Kansas ya fara tara su.

Mutum ɗaya ce ta zo da jar rigar Chiefs, abokiyar aikin matar ɗana, 'yar jihar Missouri, inda birnin Kansas yake. An ba ta abinci, an ba ta kujera, amma a bakin ƙofa.

Kyamara ta nuno Shugaba Trump, wanda shi ne shugaba mai ci na farko da ya halarci wasan, falon ya rabu gida biyu da gunaguni. Ta nuno mawaƙiya Taylor Swift, wadda ke soyayya da wani ɗan wasan Chiefs, sai kan kowa ya haɗu, aka yi mata eho da murya ɗaya. 'Yar Missouri ta ce, "Ai a jiharku aka haife ta!" Wani ya ce shi ya sa.

Cin farko ya zo ta hanyar da ta ba ni dariya. Saura taku ɗaya a kai ƙarshen fili, sai ƙartin nan suka duƙa, Jalen Hurts, mai jefa ƙwallon Eagles, ya rungume ƙwallo, na bayansa suka dafa shi suka tura kamar motar da batirinta ya mutu. Falo ya ɗauki ihu, aka rera waƙar ƙungiya, aka ƙare da kiran haruffan sunanta ɗaya bayan ɗaya. A nan ma sai da aka yi shaƙiyanci, domin makonni kaɗan kafin nan magajiyar garin, Cherelle Parker, ta tashi jan wannan kirari a bainar jama'a ta cakuɗa haruffan, har aka buga kuskuren a riguna ana sayarwa.

Ni ban zauna ba tun da aka fara, ina tsaye jikin bango. Ƙafata ta gaji, na ga wata 'yar kujerar roba ta yara babu kowa, na ɗosana. Ban gama daidaita zama ba Patrick Mahomes, gwarzon Chiefs, ya jefa ƙwallo, wani yaro mai suna Cooper DeJean ya tsinke ta a iska ya zura da gudu yadi 38 har gida. Ranar ce ya cika shekara 22, kuma shekararsa ta farko ke nan a ƙungiyar. Tiren kaza ya kife. Wata mata ta faɗa jikin mijinta tana dukan ƙirjinsa. Jaririyarmu ta tsala kuka. Da ƙura ta lafa na yunƙura zan tashi in ba yaro kujerarsa, sai na ji hannun dattijon a kafaɗata.

"Kawu, ina za ka? Zauna."

Na ce kujerar ta yi mini kaɗan. Ya ce ba ruwansa, a kanta nake aka ci, a kanta zan ƙare. Falon gaba ɗaya ya goyi bayansa. Mu ake ce wa masu camfi, amma ga ni a ƙasar da ta je wata, an ɗaure ni a kujerar yara don kada sa'a ta zube. Wani a cikinsu ya ce bai wanke rigarsa ba tun watan Oktoba, kuma ba sai ya rantse ba, hancina ya riga ya shaida.

Aka tafi hutu 24 da nema. Na roƙi izinin zuwa sallar isha'i, aka yi 'yar shawara, aka yanke cewa tunda agogo a tsaye yake babu laifi, amma in dawo kafin a koma. Sai da suka ɗora hulata a kan kujerar ta riƙe mini wuri. Na baro su suna kallon Kendrick Lamar yana waƙa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fuskar dattijon bayan an dawo. Masu tsaron Eagles sun hana Mahomes sakat, sau shida suka kayar da shi da ƙwallo a hannu. A cikinsu har da ɗan ƙasarmu, Moro Ojomo, haifaffen Legas, ɗana yana ta nuna mini shi kamar ƙaninsa. Hurts ya cilla wata doguwar ƙwallo ta yadi 46, DeVonta Smith ya cafe, aka koma 34 da nema. Matasa suka fara sa takalma. Shi kuwa dattijo ko murmushi. Ya ce a 2017 Atlanta tana gaba 28 da 3 aka zo aka cinye ta, kowa ya zauna. Yana murza bakin hular nan da yatsa kamar mai jan carbi. Da Chiefs ta samu cin farko, 34 da 6, sai ya ce, "Kun gani ko? An fara." Na san wannan ciwon. Na sha zama a filin Sani Abacha Pillars na gaba da ci biyu, ana ta "Sai Masu Gida", cikina yana kaɗawa. Amma ban taɓa ganin wanda ake ba shi tazarar maki 28 yana zaman makoki ba.

Sai da 'yan wasa suka juye wa kocinsu Nick Sirianni bokitin lemo a ka, alamar an gama, sannan ya miƙe. Bai yi ihu ba. Ya sa hular a kansa, ta yi masa kaɗan, ya shige kicin ya rufo ƙofa. Aka tashi 40 da 22.

'Yar Missouri ta yi abin da ya burge ni. Ta bi kowa ta ba shi hannu, ta ce maki 22 ɗin ma na kunya ne, an ci su ne bayan an sako 'yan benci. Sannan ta ari baƙar rigar sanyi ta rufe jarta ruf kafin ta fita neman mota. Ta ce ta san garin da take.

Ɗana ya ce, "Kawu, sai titin Broad." Na ce dare ya yi, goma ta wuce. Ya ce ai yanzu gari ya waye.

Tun daga ƙofar gida ake jin abin. Mata a kan dakali suna buga tukwane da ludayi, motoci suna ta hon, nokawut na tashi ta ko'ina, ga sanyi mai yanka kunne amma samari sun tuɓe riga. Jirgin ƙasa ya kai mu kusa da tsakiyar gari, a cikinsa ana tsalle har taragon yana lilo, muka ƙarasa da ƙafa. Titin Broad shi ne ya ratsa birnin daga kudu zuwa arewa, a tsakiyarsa ginin majalisar birni yake, da gunkin William Penn, wanda ya kafa garin, a can ƙololuwa. Shi ma yana da nasa camfin. Da can ba a gina abin da ya fi hularsa tsawo, a 1987 aka karya al'adar, daga nan ƙungiyoyin garin suka daina cin kofi. A 2007 magina suka manna ɗan ƙaramin gunkinsa a saman sabon bene mafi tsawo, shekara na zagayowa ƙungiyar ƙwallon sanda (baseball) ta garin ta ci kambu. Je ka ce musu dace ne.

Ban san yadda zan kwatanta cikar ba sai da hawan Daushe a Ƙofar Kudu, in ka cire sarki da dogarai ka bar jama'a da kansu. Ba ka tafiya, tafiya ake yi da kai. An gindaya manyan motocin shara don tare hanya, mutane suka mai da su dandamali. Suna kan rumfar jiran bas, suna kan rufin ƙofar otal. Ga 'yan sanda a kan dawakai da kekuna sun yi sahu suna kallo, wasunsu ma ana ce musu "Go Birds" suna amsawa.

Sai falwaya. Wannan ita ce cutar garin. Duk murnar da ta kai murna, sai ɗan Filadelfiya ya nemi turken fitila ya hau. A 2018 'yan sanda sun shafa wa turakun man girki, aka hau, suka koma shafa man inji, aka hau. Makonni biyu kafin zuwana, daren da Eagles ta samu gurbin wannan wasa, wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 18 ya faɗo daga kan turke, ya rasu bayan kwana biyu. Magajiyar gari ta fito ta roƙi jama'a kada su hau. A gabana wani saurayi ya tofa yawu a tafin hannu ya kama ƙarfe, jama'a na zuga shi, ya kai har kan fitilar danja ya zauna yana kaɗa tuta. Turken yana rawa. Na kau da kai ina salati, domin tsaran ɗana na fari ne. Wata mata kusa da ni, da fenti kore a kumatu, ta daka masa tsawa da muryar uwa: "Sauko, uwarka tana kallon talabijin!" Ya sauko kuwa, aka tafa masa fiye da lokacin da ya hau. Can gaba wasu sun jijjige wata danjar sun ɗauke ta a kafaɗa kamar makara. Wannan kam ba murna ba ce, ɓarna ce, kuma kuɗin harajinsu ne zai gyara.

A nan na rabu da hulata, zanna bukar da na saya a kasuwar Kurmi. Wani ƙato ya rungume ni ya ɗaga sama, ban san shi ba bai san ni ba, yana kuka da hawaye yana cewa mun yi, mun yi. Da ya dire ni, kaina babu komai, gaban rigata kuma ya jiƙe da giyar wani. Na duƙa zan laluba, ɗana ya fizgo ni ya ce, "Kawu, in ka sunkuya a nan sai dai a nemo ka gobe." Ƙaton ya lura, ya cire tasa hular saƙa mai tambarin mikiya ya kifa mini. Muka rabu ba wanda ya tambayi sunan wani.

Washegari da hantsi dattijon ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya ce in raka shi, tunda ni ne mai kujera. Maƙabarta ya kai ni, a bakin gari. Na zaci mu kaɗai za mu tarar, sai na ga motoci jefi-jefi, da kaburbura da dama an soka musu 'yan tutoci kore, wani an ɗaura masa mayafi. Ya tsaya gaban na mahaifinsa ya buɗe jaridar ranar, ya karanta masa sakamakon da ƙarfi, 40 da 22, ya ƙara da cewa sau shida aka kayar da yaron nasu. Ya ninke shafin farko ya ajiye, iska ta ɗauke, ya bi ya kamo, ya nemo dutse ya danne. Ni ina gefe, hannu a aljihu. A hanyar dawowa bai yi maganar uban ba ko sau ɗaya, sai lissafin 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare da waɗanda yake tsoron za a saye.

Ranar Juma'a 14 ga wata aka zagaya da kofin, daga filin wasansu a kudu, ta titin Broad, zuwa matakalar gidan kayan tarihi. An rufe makarantun gwamnati. Na je na ɗan leƙa kafin masallaci, ban ga komai ba sai ƙeyar mutane da saman motocin bas. Da yamma a labarai na ga manajan ƙungiyar, Howie Roseman, da jini a goshi, wani masoyi ya jefo masa gwangwanin giya don ya sha, ya same shi a ka. Ya hau mumbari da raunin yana dariya, jama'a na yi masa kirari.

Na dawo Kano da sauran sanyin hunturu, don haka da asuba nakan kifa hular saƙar nan in fita. Rannan na tsaya wajen mai shayin bakin layinmu, ya dubi mikiyar da ke goshina ya girgiza kai.

"Alhaji, har yanzu kana tare da yaran nan? Wasa huɗu na neman zuwa kofin duniya, ko ɗaya ba su ci ba."

Na ce masa ai mu mun ci, 40 da 22.

Ya tsaya da buta a hannu yana kallona, sannan ya tambaye ni ko in rage sukari ne yau.